Babi na Shida: Ƙofar da Aka Bari a Buɗe

A babin da ya gabata mun yi magana a kan masu kutsen da ke bin kuɗi, waɗanda ke wawure asusun banki, su sace layin waya, su yaudari mai POS. Asarar da suke jawowa tana da zafi, amma a aljihu take tsayawa. Wannan babi a kan wani kutse ne daban, wanda ke iya kashe famfo, ya buɗe bawul ɗin madatsar ruwa, ko ya jefa unguwa cikin duhu, alhali mai yin sa yana zaune a wata ƙasa, bai ma taɓa jin sunan Zariya ba.

Wanda ya hau mota daga PZ a Sabon Gari, ya bi ta Kwangila da Palladan har ya sauka Samaru, ya ratsa yankin da rayuwarsa ta rataya a kan injuna. Ga masana'antu da tashar jirgin ƙasa, ga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama, ga Jami'ar Ahmadu Bello da madatsarta ta Kubanni da matatar ruwanta, can gaba kuma ga Asibitin Koyarwa a Shika. Ruwan gari daga kogin Galma yake fitowa, ta matatar da aka gina domin tace lita miliyan 150 a rana. Duk mazaunin Zariya ya san shekarun da aka kwashe ana jiran wannan ruwa, ya kuma san yadda kuɗin jarka ke tashi a hannun 'yan ga-ruwa da zarar famfo ya ɗauke na kwana biyu. Manyan ayyuka irin waɗannan, a ko'ina cikin duniya, suna ta komawa hannun kwamfuta. Ya kamata mu san wace irin kwamfuta ce, kuma wa ke iya yi mata magana.

Kwamfutar da ke cikin akwatin ƙarfe

Idan ka shiga ɗakin injuna na matatar ruwa ko masana'anta ta zamani, za ka tarar da dogayen akwatunan ƙarfe jere a jikin bango. A cikinsu akwai wata 'yar kwamfuta marar allo, marar madannai, injiniyoyi suna ce mata PLC. Aikinta shi ne ta karɓi labari daga ma'aunai, ta ba injuna umarni. Ma'auni ya ce tanki ya cika, ta kashe famfo. Ya ce ƙarfin ruwa ya ragu a bututu, ta tada famfo na biyu. Ita ke ƙayyade yawan kulorin da za a zuba, ita ke tsayar da injin da ya ɗau zafi kafin ya ƙone. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara ƙera ta a Amurka domin masana'antar motoci. A samanta akwai manhajar da ke tattara labarin dukkan na'urorin ta zana shi a allo ɗaya, ta yadda ma'aikaci guda zai ga tankuna da famfunan da ke nesa da juna, ya kunna ya kashe daga kujerarsa. Wannan tsari shi ake kira SCADA.

Na'urorin suna da yaren da suke magana da juna. Ɗaya daga cikin mafi yaɗuwa shi ne Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, kuma har yau ana aiki da shi. Yare ne mai sauƙi da aka gina bisa yarda: duk umarnin da ya iso, na'ura za ta zartar, ba ta tambayar wanda ya aiko. Waɗanda suka tsara shi suna da hujjarsu. A zamaninsu wayar da umarni ke bi ba ta fita daga harabar masana'anta, duk mai son taɓa ta sai ya wuce ta gaban maigadi.

Gidan Bahaushe bai yi zaure a banza ba. A can baƙo ke tsayawa ya yi sallama, a leƙo a ga ko wane ne, sannan a san ko za a shigo da shi. A cikin gida ba a tuhumar kowa, domin zaure ya riga ya yi tankaɗe. Na'urorin masana'antu 'yan cikin gida ne da suka saba da amana. Abin da aka yi daga baya shi ne an fasa katangar baya an fitar da ƙofa zuwa titi, ba a kuwa gina mata zaure ba. Wannan ƙofa ita ce shafin intanet.

Waɗanda suka fasa ta ba da mugun nufi suka yi ba. Injiniyan da ke kula da rijiyoyin burtsatse goma ba ya son zagaya su a babur kowace safiya. Ɗan kwangilar da ya kafa injin yana Legas ko ƙasar Sin, gyara daga can ya fi masa sauƙi da ya hau jirgi. Don haka masu ƙera na'urori suka riƙa sa wa kowace ɗan shafinta, wanda ake buɗewa a waya kamar yadda ake buɗe Facebook. A saka wa akwatin layin waya, a saya masa data, shi ke nan, famfo ya hau intanet.

Yadda shafi ke zama ɓaraka

Ɓaraka ta farko, kuma mafi ban haushi, ita ce lambar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani. A watan Nuwamba na 2023 wasu masu kutse da ke kiran kansu CyberAv3ngers suka shiga na'urar da ke sarrafa wata tashar tura ruwa a garin Aliquippa na jihar Pennsylvania a Amurka. Na'urar ƙirar kamfanin Unitronics ce na Isra'ila, lambar sirrin da take zuwa da ita daga kamfani kuma 1111 ce, rubuce a littafin na'urar da kowa ke iya samu. Ma'aikata suka cire ta suka koma tura ruwa da hannu. A daidai wannan lokaci irin wannan hari ya faɗa kan wata ƙaramar ƙungiyar ruwa a yankin Erris na ƙasar Ayalan, gidaje fiye da 150 suka kwana biyu babu ruwa.

Ta biyu ita ce shafin da ke gaskata duk abin da aka rubuta masa. Akwai gurbin da aka tanada domin suna ko adireshi. Mai kutse sai ya rubuta umarni a wurin. Idan wanda ya gina manhajar bai sa ta tace abin da ke shigowa ba, na'urar za ta ɗauka ubangidanta ne ke magana, ta zartar. An gano irin wannan a 2022 a jikin SolarView Compact, na'urar sa ido kan tashoshin sola ta kamfanin Contec na Japan. Kamfanin ya fitar da gyara, amma masu na'urori da yawa ba su saka ba. A 2024 aka ruwaito cewa an ƙwace kimanin 800 daga cikinsu a Japan, ɓarayi suka ɓuya a bayansu suna satar kuɗi daga asusun banki.

Ta uku tarko ce da ake ɗana wa ma'aikaci. Mai kutse ya dasa 'yan layukan umarni a wani gurbi na shafin, misali inda ake rubuta sunan famfo ko bayanin gyara, ya tafi abinsa. Ba abin da zai faru sai ranar da injiniya mai cikakken iko ya buɗe wannan shafi. Nan take burauzarsa za ta zartar da umarnin da sunansa, ko ta miƙa wa mai kutse shaidar da ya shiga da ita. Idan aka zo bincike, sunan injiniyan za a gani a rajista, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. An bayyana irin wannan ɓaraka a 2021 a ScadaBR, wata manhajar SCADA da ake samu kyauta, kuma a ƙarshen 2025 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta saka ta a jerin waɗanda ta tabbatar masu kutse suna amfani da su. Shekara huɗu ke nan tsakani, ƙofar tana nan.

Ta huɗu ita ce shafin da ba ya duba iyakar abin da aka halatta wa mai shiga. Wani lokaci lambar da ke ƙarshen adireshi kawai za ka sauya, sai ga ka a asusun wani. Wani lokaci kuma da 'yan alamomi a adireshin za ka kai ga fayilolin da aka ɓoye. A 2012 masu bincike biyu, Billy Rios da Terry McCorkle, suka nuna cewa ta wannan hanya ana iya ɗauko fayil mai ɗauke da sunaye da lambobin sirri daga Niagara, manhajar kamfanin Tridium da ke sarrafa wuta da na'urorin sanyaya iska a manyan gine-gine. Shekara guda bayan haka suka tarar da wani ofishin Google a birnin Sydney yana aiki da ita ba a gyara ba. Idan kamfani irin Google zai yi wannan sakaci, babu hukumar da za ta ce ta fi ƙarfinsa.

Me ya sa irin waɗannan ɓaraka suke daɗewa? Wayar hannu tana sabunta kanta da dare, bayan 'yan shekaru ma a sayi wata. Na'urar masana'anta kuwa ana kafa ta ne ta yi shekara 15 ko 20. Sabunta manhajarta na nufin tsayar da aiki, manaja kuma ba ya son a ce a hannunsa ruwa ya ɗauke. Ga tsoron kada a taɓa abin da ke aiki ya ƙi tashi. Sau da yawa ɗan kwangilar da ya san sirrinta ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, ya bar ma'aikatan da ba su ma san tana da shafi ba.

Ba sai an san sunanka ba

Mutane da yawa suna kwantar da hankalinsu da cewa babu wanda zai bar Landan da Dubai ya nemi famfon Sabon Gari. Wannan tunani ya ginu a kan zaton cewa mai kutse yana zaɓen gari kafin ya kai hari. Yawancinsu ba haka suke yi ba. Adireshin intanet na tsohon tsari bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da manhajar ZMap wadda ke iya ƙwanƙwasa dukkansu cikin ƙasa da sa'a guda. Akwai kuma Shodan, wanda John Matherly ya buɗe a 2009. Shi ba labarai yake nemowa ba kamar Google, na'urorin da ke jone da intanet yake lissafawa, da ƙirarsu da ƙasar da suke. Mai kutse zai rubuta sunan na'urar da ya san tana da rauni, a jero masa duk inda take a duniya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Aliquippa ƙaramin gari ne, Erris yankin karkara ne. Ƙirar na'urarsu ce ta jawo musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba ya tambayar gidan wane ne.

Darasi daga Norway da Yukiren

A watan Afrilu na 2025 aka shiga shafin da ke sarrafa madatsar tafkin Risevatnet a yankin Bremanger na ƙasar Norway. Lambar sirrin mai rauni ce, shafin kuma a buɗe yake ga intanet. Masu kutsen suka buɗe bawul gaba ɗaya, ruwa ya yi ta kwarara, kusan lita 500 a kowace daƙiƙa, har tsawon sa'a huɗu kafin a lura. Idan aka lissafa, ya haura lita miliyan 7, wato jarka mai lita 25 fiye da 280,000. Allah ya taƙaita, kwarin kogin ya iya ɗaukar ruwan, ba a yi ɓarna ba. A watan Agusta hukumar tsaron cikin gida ta Norway ta ɗora alhakin a kan masu kutse magoya bayan Rasha. Abin lura a nan shi ne sa'o'i huɗun nan. Ƙofa ta buɗe, kuma babu mai kallonta.

Na Yukiren ya fi muni. Ranar 23 ga Disamba 2015, cikin tsananin sanyi, ma'aikatan kamfanonin rarraba wuta uku suka ga kibiyar kwamfutarsu tana yawo da kanta a allo tana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Masu kutsen sun shigo tun watanni kafin nan ta wasiƙun imel na yaudara, suka zauna shiru suna koyon tsarin. Kimanin masu amfani da wuta 225,000 suka shiga duhu. Amma cikin 'yan sa'o'i wuta ta dawo, domin injiniyoyi sun hau motoci sun nufi tashoshin, sun mayar da makunnai da hannu. Tsofaffin makunnan suna nan, mutanen da suka iya sarrafa su ma suna nan. Wannan ne darasin da ya fi dacewa da mu. Har yanzu muna da ma'aikatan da suka san bawul da makunni da hannunsu, kuma babban kuskure ne mu bar wannan ilmi ya tafi tare da masu ritaya saboda an kawo allo.

Daga rufin shago zuwa babban layi

Mutanen Zariya ba sa buƙatar a kwatanta musu abin da dogon duhu ke yi. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, layin da ya rage kuma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wuta. Injin niƙa ya tsaya, masu walda suka zauna, rijiyoyin burtsatse suka koma jiran mai. Waccan ɓarna da hannu aka yi ta a daji. Yayin da ake faɗaɗa tsarin SCADA na babban layin wutar ƙasa, wanda ake sarrafawa daga cibiyar Osogbo, ana kuma shimfiɗa bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wuraren da za a iya taɓawa daga nesa suna ƙaruwa. Waɗannan ayyuka muna buƙatarsu, domin layin da ba a ganin halin da yake ciki ya fi saurin faɗuwa. Abin nema shi ne tsaro ya shigo tare da su tun daga zane.

Amma abin da ya fi kusa da mu yana kan rufin shagunanmu. Tsadar fetur da rashin wuta sun sa sola ta zama kasuwa babba a Sabon Gari. Inbatoci da yawa na zamani suna zuwa da 'yar na'urar da ke aika bayani zuwa rumbun kamfani a ƙasar waje, mai gida kuma yana kallon cajin batirinsa a waya. Ta wannan hanya ana iya sauya saitin inbata ko a kashe ta. A watan Maris na 2025 kamfanin tsaro na Forescout ya bayyana ɓaraka 46 da ya gano a kayan Sungrow da Growatt da SMA, manyan masu ƙera inbata a duniya. Da yawa daga ciki a shafukan intanet na kamfanonin suke, wasu kuma suna ba da damar ƙwace asusun mai inbata. Kamfanonin sun toshe su. Sai dai akwai ɓarakar da kamfani ba zai iya toshewa ba: mai haɗa sola ya buɗe wa abokan cinikinsa asusu da imel ɗinsa, ya sa musu lamba ɗaya, yaran shago duk sun haddace ta. Inbatar shagon kayan sanyi in ta mutu, asarar rana guda ce. Ta asibitin haihuwa ko ta firjin ajiye allurar rigakafi kuwa, maganar rai ce.

Nauyin da ke kanmu

Doka ta riga ta yi magana. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci mai tsanani ga wanda ya taɓa muhimman kayan sadarwar ƙasa, gyaran da aka yi mata a 2024 kuma ya wajabta kai rahoton kutse cikin sa'o'i 72 ga ngCERT, cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. A shekarar ce kuma aka fitar da umarnin ware irin waɗannan kayan a matsayin waɗanda dole a kare. Amma doka ba ta sauya lambar sirri. Mutum ne zai zauna ya sauya.

Aikin farko shi ne lissafi. Kowace hukuma da masana'anta ta san na'urori nawa gare ta, wace ce ke da shafi, wace ce aka saka wa layin waya, wa ke riƙe da lambarta. Na biyu, a sauke shafukan sarrafa injuna daga buɗaɗɗen intanet. Wanda dole ya shiga daga nesa ya bi ta killatacciyar hanya mai tantancewa sau biyu, kowane ma'aikaci da lambarsa, a kuma soke ta ranar da ya bar aiki. Na uku, a raba kwamfutar da ke sarrafa famfo da wadda ake karanta imel ko kallon fim a kanta. Na huɗu, iyakokin da suka shafi rai, kamar mafi yawan kulorin da injin zai iya zubawa, a ɗaure su a jikin ƙarfe ta yadda babu umarnin allo da zai ƙetare su. Na biyar, a riƙa gwada tafiyar da aiki da hannu lokaci zuwa lokaci, matasa suna koya daga dattawa.

Masu rubuta takardar kwangila suna da kaso mafi girma. A rubuta ƙarara cewa ba a karɓar aiki sai an miƙa dukkan lambobin sirri an sauya su a gaban ma'aikata, sai an faɗi duk hanyar da kamfani ke shiga daga waje, sai an yi alkawarin shekarun da za a ci gaba da kawo gyaran manhaja. Sharaɗin da ba a sa kafin biyan kuɗi ba, da wuya a same shi bayan an biya.

Samaru tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta daɗe tana yaye injiniyoyin lantarki da na ruwa, daga baya kuma na kwamfuta. Cibiyarta ta binciken makamashi tana tafiyar da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, aikin da ba ya yiwuwa sai da tsantseni da bin ƙa'ida. Abin da ake buƙata shi ne ɗalibin da ya iya injin ya koyi yadda ake fasa shafi, wanda ya iya shafi kuma ya tsaya gaban famfo ya ga abin da umarninsa ke motsawa. Sannan wannan ilmi ya sauko zuwa Sabon Gari cikin Hausa, ya isa ga masu haɗa sola da masu gyaran injin da yaransu, domin su ne ke kafa na'urorin a gidaje da asibitoci da makarantu.

Mai karatu, idan an damƙa maka injin da jama'a ke sha ko suke samun haske ta dalilinsa, ko da inbatar masallacin unguwa ce, amana ce a wuyanka. Ka tambaya yau ko tana jone da intanet, ka san duk wanda ke da lambarta, ka sauya wadda ta zo da ita daga kamfani, ka kuma tabbatar akwai wanda zai iya tafiyar da ita da hannu ranar da allo ya ƙi bin umarninka.